Hannun mai nutso a ruwan dam: yadda muka zaɓi safar hannu bayan wani tsautsayi

A madatsun ruwan Kano, da zarar mai nutso ya yi ƙasa da tsayin mutum biyu, ido ya gama aikinsa. Ruwan Tiga da na Challawa da na Watari ruwa ne da ya wanko gonaki ya taho da laka. Da damina ja ne, da rani ya lafa ya yi toka-toka, amma ko a ranar da ya fi kwanciya ba za ka ga tafin hannunka a ƙasa ba sai ka kawo shi daf da gilashin fuska. Tocila ma ba ta fid da kai, haskenta laka yake duka ya dawo maka. Duk abin da mutum zai sani a can, da yatsunsa zai san shi: wannan igiya ce ko saiwa, wannan ƙullin ya saki ko yana nan, wannan ƙarfen tsatsa ta cinye shi ko da saura. Ƙasan kuma ba fili ba ne. Tiga dai an gina shi ne tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma shi da sauran madatsun, wuraren da suka shanye dā gonaki ne da daji, da kututturansu da ƙayarsu. A kan wannan sai ka ƙara abin da masunta suka bari shekara da shekaru, tsofaffin raga da ƙugiyoyi.

Ƙungiyarmu ta masu kiwon kifi a keji tana wani ƙauye ne a bakin ɗaya daga cikin madatsun kudancin Kano. Kejinan suna shawagi a kan duro, an ɗaure kowanne da igiya zuwa tubalan kankare da aka nutsar a ƙasa. Ni nake riƙe da sito da littafin kuɗi, saboda haka duk abin da za a saya ta hannuna yake bi. Aikin ƙasan ruwa kuwa na wani matashi ne ɗan gidan masunta, wanda ya je Legas ya koyi nutso da tukunyar iska, ya samu takardar shaida, ya dawo gida. Shi yake duba igiyoyi da sarƙoƙi, ya ɗinke ragar keji idan ta yage, wani lokaci kuma masu noman rani su ɗauke shi ya ciro musu injin ban-ruwa da ya zame ya faɗa. Ba ya shiga shi kaɗai. Ƙanensa kullum yana cikin kwalekwale riƙe da igiyar da aka ɗaura masa a ƙugu, suna magana da ja.

Kayan da ya taho da su daga Legas sun haɗa da riga mai shan ruwa, wato rigar nutso ta roba da ruwa kaɗan ke shiga cikinta jiki ya ɗumama shi, mai kaurin milimita 3, da wata 'yar siririyar safar hannu da ta daɗe da hujewa a kan yatsu. Da bazara da damina babu wanda ya damu da safa. Hunturu ne ya tono maganar. A Disamba da Janairu sanyin asuba a ƙasar Kano yakan sauko wajen digiri 12 ko 13 a ma'aunin Salshiyos, ruwan dam kuma ya bi shi a hankali. Agogon nutsonsa yakan nuna digiri 20 ko ƙasa da haka kaɗan. Wanda ke tsaye a tudu zai ce ai wannan ba wani sanyi ba ne. To amma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska take yi, jiki kuma idan ya ji ana yi masa wannan satar sai ya tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa ya tattara jini a ciki. Yatsu ne ke fara biyan bashin. Yana fitowa za ka ga hannunsa ya yi fari, ya kasa ɓalle maɓallin ɗamararsa sai ƙanen ya taimaka masa.

A wannan lokacin ne Alhajin da ya fi kowa jari a ƙungiyar ya kawo wani akwati da ya saya wurin masu kayan gwanjo na Turai. Da kyakkyawar niyya ya yi, ya ga yaron yana rawar ɗari ne ya tausaya. A cikin akwatin akwai riga mai hana ruwa shiga, da hular niyofirin, wato robar da ake yin kayan nutso da ita, da safar hannu iri biyu. Ɗaya mai kauri ce ƙwarai, milimita 7, mai gida uku: babban yatsa daban, manuniya daban, sauran ukun a haɗe. Ɗayar ta roba ce mai zobe a wuyan hannu, wadda ake harɗawa a jikin rigar. Rigar dai yaron ya ce bai koyi aiki da ita ba, aka ajiye. Mai gida ukun kuwa ya ɗauka, don ya sa hannu ya ji ɗumi, ko da yake ta ɗan fi hannunsa girma.

Cikin Disamba abin ya faru, da hantsi, jaura na kaɗawa. Wani keji ya karkace, alamar ɗaya daga cikin igiyoyinsa ta sarƙe. Yaron ya sa rigarsa, ya ɗora safar, ya sauka yana bin igiyar zuwa zurfin kamar mita 8. Ashe wani tsohon kalli, irin ragar nan ta masunta, da ya ƙwace wa masu shi ya zo ya nannaɗe tubalin. Zaren kallin yanzu na roba ne, siriri, mai ƙarfi, ko a ruwan randa da ƙyar ake ganinsa. Da hannunsa a buɗe yake, da tun taɓawar farko ya ji shi ya ja da baya. A cikin milimita 7 bai ji komai ba. Ya ci gaba da lalube, ya juya, sai ragar ta kama kan tukunyar ta bayansa, ta kuma kama ƙafa ɗaya. Ya kai hannu ga 'yar wuƙar da ke ƙirjinsa. Kubenta yana da ɗan maɓalli da sai an danna shi da babban yatsa kafin ta zaru. Ya danna, ya sake dannawa, bai san ko a kan maɓallin yake ba ko a gefensa, don kan safar ya zarce kan yatsansa, yana lanƙwashewa ne kawai.

Allah Ya sa bai ruɗe ba. Ya matse safar dama a hammatarsa ya zare hannun, nan take ya sami maɓallin, ya yanke zaren da ke bayansa, ya sunkuya ya yanke na ƙafa. A wannan sunkuyon ne ya dafa ragar da hannun da ke buɗe, a ciki kuwa akwai ƙurungu da ya maƙale da ransa, ya baje ƙayoyinsa ya kulle su yadda suke yi. Ƙayar gefe ta shige masa tsokar gindin babban yatsa. Duk ɗan masunta ya san ƙayar ƙurungu tana da zarto, fitarta ta fi shigarta ɓarna. Ya ja igiya, ya hau sannu a hankali yana numfashi kamar yadda aka koya masa. A asibitin garin aka wanke ciwon, aka yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora, aka ba shi magani. Hannun ya kumbura, ya jima bai koma ruwa ba, kejin kuwa sai da masunta suka taru suka jawo shi da kwalekwale.

Da aka zauna a gindin ɗorawar bakin ruwa, ra'ayi ya rabu uku. Mahaifinsa, dattijon da ya san wurin tun yana kogi, bai ɓoye fushinsa ba. "Ni tun da nake shiga ruwa ban taɓa rufe hannuna ba. Hannu shi ne idon mai nutso. Kai kuma ka je ka ɗaure idonka da ƙyalle ka ce za ka yi aiki." Alhaji ya ce shi a ganinsa rabin kaya aka sa shi ya jawo haka. "Ɗana, da rigar da safar tata ka haɗa gaba ɗaya, da ko ruwan bai taɓa ka ba. Kuɗi na zuba a akwatin nan." Yaron ya dubi ƙasa ya amsa wa mahaifinsa tukuna. "Baba, kai numfashi ɗaya kake yi ka fito ka sha rana. Ni sai in yi minti 40 a ƙasa. Kafin in kai rabi hannun ya mutu, ba na jin komai da shi ko babu safa." Sannan ya juya ga Alhaji. "Ranka ya daɗe, kayan masu kyau ne, amma na ruwan ƙanƙara ne."

A ganina dattijon ya fi kowa kusa da gaskiya, sai dai ɗan nasa ya faɗi abin da ya rage. Hannun da sanyi ya kashe da hannun da aka lulluɓe da roba mai kauri duk ɗaya ne a ƙasan ruwa, babu mai ji a cikinsu. Abin da muke nema shi ne safa mafi siranta da za ta iya riƙe ɗumin yatsu har ya gama aiki, ba tare da ƙarin ko milimita ɗaya ba. Aka ɗora mana ni da shi mu je mu tantance mu kawo shawara.

Sanin yadda abin yake aiki shi ya sauƙaƙa mana. Niyofirin roba ce da masanan kamfanin DuPont na Amurka suka haɗa a 1930, kuma wani malamin kimiyya a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, Hugh Bradner, shi ake dangantawa da fara yin rigar nutso da ita wajen 1952. Wadda ake ɗinka riga da safa da ita an kumbura ta ne da ƙananan kumfar iska bila adadin, kowanne a rufe a gidansa. Wannan kumfar ita ke tare ɗumi. Ruwa yana shiga safar, amma kaɗan ne, jiki ya ɗumama shi ya tsaya a nan. Daga nan abu biyu suka fito. Na farko, safar da ta yi yawa ba ta da amfani komai kaurinta, domin duk motsin da ka yi ruwan ɗumin zai fita, na sanyi ya shigo. Wadda ta matse kuma sai ta ƙara tare jinin da dā ma ya ragu, hannu ya fi saurin mutuwa. Na biyu, kumfa tana matsewa da zurfi. A wajen mita 10 nauyin da ke danne mutum ya ninka na sama, iska kuma ta tsuke zuwa rabin girmanta. Robar ba ta raguwa daidai haka, amma tana yin siriri sosai, kuma duk hawa da sauka yana gajiyar da ita. Shi ya sa tsohuwar safar gwanjo da aka rubuta milimita 5 a jikinta tana iya zama ta riga ta lotse, kaurin hana aiki yana nan, ɗumin ya tafi.

Masu ƙera safar sukan raba ta ne bisa sanyin ruwa. Mai milimita 7 mai gida uku ta ruwan da bai kai digiri 10 ba ce, irin na arewacin Turai, inda ake haɗe yatsu uku wuri guda don su ɗumama juna, an yarda an sayar da sauƙin aiki an sayi ɗumi. Mai 5 ta ruwan da ya ɗan fi haka ɗumi ce. Mai 3 ita ta dace da ruwan da ke kewayen digiri 20, mai 1.5 ko 2 kuma ta ruwan ɗumi ce, inda ba sanyi ake gudu ba sai yanka da ƙujewa. Mun ɗan yi gardama a kan mai 5. Shi ya so ta, don ya sha wahalar sanyi kuma yana daɗewa a ƙasa, wani aikin ma babu motsi sosai a cikinsa. Ni kuma na ce kada mu yanke da baki, mu samo duka biyun a gwada.

Maganar riga mai hana ruwa ta fi cin lokaci, domin Alhaji bai sauka daga kanta da wuri ba, kuma yana da hujja ɗaya mai ƙarfi: tsargiya. Duk yankin da ake noman rani a Kano da Jigawa an san wannan ciwo, ƙwayarsa tana fitowa daga katantanwa ta huda fata ta shiga. Riga mai shan ruwa da safar niyofirin ba sa hana ta, tun da ruwan yana kaiwa fata. Sai dai da muka baje rigar a kan tabarma, ita da kanta ta ba da amsa. Irin wannan riga tana tare ruwa ne da wata siririyar roba da ke kama wuya da wuyan hannu. Zafi da rana da maiƙo su ne abokan gābar wannan robar. Ta akwatinmu ta riga ta yi danƙo a gefe ɗaya, ta tsattsage a ɗayan, ina ja ta yage a hannuna. Ko da an sauya ta, rigar aiki ne mai zaman kansa. Ana hura mata iska ta wani bawul a ƙirji yayin sauka don kada ta matse mutum, a saki iskar ta wani a damtse yayin hawa. Wanda bai iya ba, iskar tana iya gudu ƙafafunsa ta juya shi kai ƙasa ta cillo shi sama da gudu, abin da ke iya lahanta huhu ko ya jawo ciwon da kumfar iska ke haddasawa a jini. Sai an je an koya a wurin mai koyarwa. Ga kuma zama a cikinta a kwalekwale a ranar Kano kafin a shiga ruwa, wanda shi kaɗai ya isa ya sumar da mutum.

Safarta mai zobe ita ma ba ta aikinmu ba ce. Ba ta da ɗumi a kanta, sai an sa ta ulu a ciki, kuma sai an saƙala ɗan siririn bututu ko zare a ƙarƙashin robar wuyan hannu don iskar rigar ta riƙa shiga cikinta, in ba haka ba ta manne wa hannu da zurfi. Ƙugiya ɗaya ko bakin waya ya huda ta, shi ke nan, ruwa ya cika ta, ulun ya jiƙe, idan ma an cire robar wuyan hannun to har cikin rigar zai wuce. Niyofirin kuwa ko ta huje tana ci gaba da aikinta. Masu irin wannan riga da yawa a ƙasashen sanyi ma safar niyofirin suke ɗorawa, a saman robar wuyan hannun, ba a cusa ta ƙarƙashi ba, don cusawar na buɗe wa ruwa hanya. Wurin da riga mai hana ruwa ta zama dole a ƙasarmu shi ne ruwa mai guba, irin na Jakara da ke kwasar dattin birni da na masana'antu, ko masai, ko rijiyar da wani abu ya ruɓe a ciki. Can ma ba irin ta akwatinmu ake so ba, sai ta roba zalla mai wankuwa, haɗe da hular da ta rufe kai duka. Muka rubuta a littafin ƙungiya cewa ba ma karɓar irin wannan aiki ko nawa za a biya. Tsargiya kuma muka mayar da ita hannun asibiti, ya riƙa zuwa gwajin fitsari da bayan gida lokaci-lokaci, in an ga alama a ba shi magani. Alhaji ya yi shiru, daga baya ya ce, "To Malam, ku yi abin da ya dace, kada dai a sake kawo min yaron nan da jini."

Awon hannu wurin telan garin muka yi shi da tef ɗinsa: kewayen tafi ta kan gaɓoɓin yatsu ban da babban yatsa, sai tsawo daga kan yatsan tsakiya zuwa layin wuyan hannu. A nan muka ga dalilin da ya sa safar akwatin ta ci amanarsa. Hannunsa hannun mai jan raga ne, tafi mai faɗi, yatsu gajeru masu kauri. Lambar da ta ɗauki faɗin tafinsa takan bar fanko a kan yatsu. Kowane kamfani kuma da nasa awon, babbar wani ita ce matsakaiciyar wani, don haka ba mu aika da lamba ba, awon muka tura wa wani shagon kayan nutso a Legas ta waya, muka roƙi su duba wadda yankanta ya dace da gajerun yatsu. Muka kuma gindaya sharuɗɗa. Ɗinkin ya zama irin wanda ake fara haɗa bakin robar da gam sannan a ɗinke ba tare da allura ta fasa ɗaya gefen ba, domin ɗinkin da ya ratsa gaba da baya ƙofofin ruwa ne a jere. Tafin da kan yatsu su kasance da ƙarin shafi mai jure gogayya, saboda igiya da kankare suna cinye niyofirin tsurarta nan da nan. Wuyan ya yi tsawon da zai hau kan hannun rigar, da maɗaurin Velcro, irin mai mannewa a ɓanɓare, kada a bar fata a buɗe a tsakani. Zif ba mu so ba, laka tana cushe shi.

Da kayan suka iso, mai 3 da mai 5 da wata mai 2, ba dam muka nufa ba. Mun cika babban baho da ruwa muka bar shi ya kwana a waje, da asuba muka zuba kayan aikinsa a ciki: wuƙar a kubenta, ƙugiyar ƙarfe mai sifirin da yake rataye kaya da ita, noti da ƙusarsa, guntun igiya, maɓallin ɗamarar dalma da ke ba shi nauyin nutsewa, da guntun kalli da mahaifinsa ya kawo da kansa. Aka ɗaure masa ido da rawani. Ya tsoma hannu ya bar shi ya jima a ruwan tukuna, sannan na riƙa kiran abu yana nemowa. Da mai 5 ya zare wuƙar, ya ɓalle ɗamarar, amma notin ya suɓuce masa, da dattijon ya zura kallin ta gefen hannunsa kuma sai da ya nannaɗe yatsu biyu kafin ya ce ya ji wani abu. Da mai 3 ya ɗaura notin, ya ƙulla igiyar ya kwance, kallin na taɓa bayan hannunsa ya tsaya cak. "Kawu, ga shi nan," ya ce, ya ɗago shi da yatsu biyu. Dattijon bai ce komai ba, ya karɓi safar ya juya ta ciki da waje yana murza kan yatsun. Bayan haka muka ɗora masa tukunya a baya, ido a rufe, ya nemo maɓallin hura falmaran iskar da ke daidaita masa hawa da sauka, da maɓallin sakin iskar, ya bambance su, ya kai hannu baya ya taɓa bawul ɗin tukunyar. Ni a wurina wannan gwajin ya fi duk abin da aka rubuta a jikin kwali, kuma duk wanda zai sayi safa don ruwa irin namu, ina roƙonsa kada ya shiga da ita sai ya yi shi.

Mai 3 ta zama ta hunturu. Sanyin da ya rage muka bi shi ta wata hanya: ya riƙa sa hular da ta zo a akwatin, wadda ta yi masa daidai, tun da idan kai da ƙirji suka yi ɗumi jiki ba ya saurin janye jini daga hannu. Aka daina shiga da sassafe sai rana ta ɗaga, aka raba dogon aiki gida biyu, da shayi a filas a kwalekwale. Wuƙar mai maɓalli aka ƙara mata wata 'yar mayankar zare mai lanƙwasa da ake zarowa da ja kawai, a rataye inda kowane hannu zai kai. Da bazara mai 2 yake sawa. In aikin waya ne ko tsatsa, sai ya ɗauki safar leburori ta yadi mai shafin roba a tafi, irin wadda ake samu a kasuwar Sabon Gari, ta mutu a yar. Ban ga dalilin kashe mai tsada a ruwan da ba shi da sanyi ba.

Akwai abin da na nanata masa, domin safa mai kyau tana sa mutum sakin jiki. Shafin Kevlar, wani zare mai ƙarfin gaske da ake yi wa wasu a tafi, yana jure yanka da gogayya, amma abu mai tsini yana ratsa saƙarsa. Ƙayar ƙurungu ko ta tarwaɗa, ko ƙugiyar mamari, za su iya shiga milimita 3 idan aka dafa da ƙarfi. Minjirya ma jiƙaƙƙiyar safa ba abin dogaro ba ce a gabanta. Lalube da bayan hannu, a hankali, yadda mahaifinsa ya koya masa tun yana yaro, yana nan daram.

Kulawa ba ta da wuya amma zafinmu ba ya yafiya. Ana ɗauraye ta da ruwan rijiya bayan kowane aiki, a juya ta a shanya a inuwa, ba a kan kwanon rufi ba, ba kusa da jarkar fetur ko man inji ba. Babban yatsa da manuniya na hannun dama su suka fara nuna ci kafin hunturun ya fita, muka toshe da gam ɗin niyofirin da muka sa aka haɗo mana tun farko. Na buɗe wa safa layi a littafin kuɗi cikin kayan da ke ƙarewa, tare da igiya da zaren ɗinki. Rigar akwatin da safarta mai zobe Alhaji ya mayar wa masu gwanjon. Ƙanen yaron yana shirin tafiya koyon nutson shi ma, hannunsa kuma siriri ne mai dogayen yatsu, ta wansa ba za ta zauna masa ba. An kai shi wurin tela an auna, awonsa yana cikin littafi, za a yi odar tasa idan ya dawo da takardarsa.